Tagogin Gidan Fehim

An yi wani mutum a wani gari na bayan Sarajevo, babban birninmu, cikin garuruwan nan namu da jiya gonakin kabeji ne, yau benaye sun cinye su. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye. Da gari ya cika, baƙin fuska suka yi yawa, ɓarayi ma suka sami wurin kiwo.

Yana da maƙwabci, Fehim, tare suka tashi. Fehim ya tafi Jamus aikin gini, ya dawo ya tayar da bene jikin katangar maƙwabcin nasa. Shi ke nan, barci ya ƙaurace wa mutumin nan. Ya fito shan gahawa da safe, inuwar benen ce ke fara gaishe shi. In matarsa Zumreta ta yaba furannin gidan Fehim, ranar ko abinci ba ya masa daɗi. Yana cewa a ransa: da me ya fi ni? Wannan da ko lissafi ni nake yi masa a makaranta?

Kun san al'adarmu. In za ka hutu bakin teku da rani, maƙwabci kake bar wa mabuɗi. Ya buɗe tagogi da safe, ya rufe da yamma, ya kwashe takardun talla daga ƙofa, ya ba shuka ruwa, don mai wucewa ya ɗauka da mutane a ciki. Da Fehim zai tafi, ya miƙa wa mutumin nan mabuɗi ya ce, "Maƙwabci, ga gidanka nan."

Ya 'yan uwa, ko allura bai ɗauka ba. Tagogi kawai ya bari a rufe, takardu suka taru a ƙofa. Sannan ya je wurin shan gahawa, cikin baƙin da bai sani ba, ya ɗaga murya.

"Attajirin namu yana can yana gasa tumbi a rana, sai ƙarshen wata. Ko kare bai ajiye ba, don tsabar rowa."

Wani dattijo ya ce, "Rage murya mana, ba kowa ka sani a nan ba."

"Ni na ce ya gina abin da zai tsone wa mutane ido?"

Ranar Juma'a mutumin nan ya tafi masallaci, har da shiga sahun gaba. Zumreta kuwa ta hango furannin gidan Fehim sun yi yaushi. Ta ɗauka ciwon gwiwa ne ya hana mijinta, baiwar Allah, sai ta ɗauki mabuɗi ta shiga don ta rufa masa asiri. Ashe ɓarayi na ciki, sun yi dakon lokacin da maza ke salla. Suka hankaɗo ta daga matakala suka gudu.

Ba ta mutu ba, amma ba ta sake takawa ba, maganarta ma sai wanda ya saba ke ganewa.

Kayan Fehim fa? Kafin sanyi ya shigo ya maye gurbinsu da sababbi. Hassada ga mai rabo taki ce. Da hannunsa ya gyara wa Zumreta ƙofar gida don kekenta na guragu ya riƙa wucewa. Har yau yakan shigo ya riƙe hannun mutumin nan, hawaye na zuba, ya ce, "Saboda gidana wannan ya same ta. Da me zan saka muku?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya amsa godiya. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa da ma dukansa Fehim yake yi, da ya fi sauƙi.

Ya 'yan uwa, muna ta ƙara tsawon katanga, muna kuka da baƙi. To wa ya nuna wa baƙon gidan? Amanar maƙwabci ita ce tsaron unguwa, mai hassada kuma ba shi ke zaɓar wanda muguntarsa za ta faɗa wa ba.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin abin hannun wani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na cikin gidajenmu daga sharrin harsunanmu. Amin.