Rantsuwar Tsohuwar Fata

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata rana gobarar daji ta ritsa da Maciji, Kwaɗo ya nuna masa hanyar tafki. Maciji ya rantse ba zai taɓa cin Kwaɗo ba.

Da yunwa ta matsa masa, sai ya tuɓe fatarsa, ya fito yana ta sheƙi, ya tare Kwaɗo.

Kwaɗo ya ce, "Haba aboki, ina rantsuwar?"

Maciji ya nuna tsohuwar fatar a jikin ƙaya, ya ce, "Ga wanda ya rantse can. Ni sabo ne fil."

Bushiya tana wucewa ta ji, sai ta rushe da kuka. "Wayyo, Maciji ya rasu! A kira dangi a raba gado, matarsa ta shiga takaba. Kai kuma baƙo, kada mu gan ka a ramin mamaci."

Maciji ya zabura. "Wane mamaci? Ramina ne, matata ce! Ni ne dai na jiya!"

Bushiya ta share hawaye, ta ce, "Barka da dawowa. To, na jiyan ne ya rantse."

Kwaɗo ya faɗa ruwa tsundum, Maciji ya kwana da yunwa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta wuce ta bar mana fata!