Haƙoran Mai Busa Ƙaho

Maƙwabciyata Doña Casilda ce ta fara ba ni labarin nan, muna zaune muna ɓare masara. Ta ce a garinsu aka yi, can bakin kogin Sinú.

Akwai wani mai busa ƙahon tagulla, sunansa Eulogio. Duk bikin da ba a ji ƙahonsa ba, mutane sai su ce ba a yi biki ba. Shekararsa hamsin da shida, bai taɓa buɗe wa likita baki ba. Da haƙori yake ɓare rake, ya kuma gatsi mazarƙwaila kamar biredi.

Sau biyu a shekara likitar haƙori take zuwa asibitin ƙauyen. Abokinsa Anselmo mai ganga ba ya fashin zuwa. In Eulogio ya hango shi a layi sai ya tsaya yana dariya.

"Kai mai ganga, da haƙori kake kiɗa ne? Ba abin da ke maka ciwo, ka zo ka hangame wa yarinya baki."

Anselmo dai sai ya ɗaga masa hannu.

Matarsa Herminia kuwa ta daɗe tana ganin jini a jikin ɓawon raken da yake tofarwa. Ta yi magana har ta gaji. Kullum amsarsa ɗaya, tunda babu ciwo babu cuta.

Saura wata uku auren 'yarsu Nidia. Tun tana ƙarama ya yi mata alkawarin shi zai busa mata daga ƙofar coci har gida. Ran nan suna gwaji da abokan kiɗansa ya danna ƙaho a leɓe, sai iska ta fita fuuu, babu sauti. Ya sa harshe, ya ji haƙoran gaba biyu suna motsi. Mai busa kuwa in ya rasa haƙoran gaba, sai dai ya rataye ƙaho a bango.

Kwana huɗu yana tura kanumfari a baki yana ɓoyewa. Rana ta biyar Herminia ta je ta faɗa wa Anselmo. Sai ga shi da babur, bai ko yi masa gori ba.

"Hau, tsoho. Gari za mu wurin likitar, ba za mu jira zuwanta ba."

Likitar ta duba ta daɗe. Ta ce ciwon dasashi ne, shi kuma ba ya sallama, a ɓoye yake cin gindin haƙori shekara da shekaru. Da ya zo bara waccan, wanki kawai za ta yi masa.

Eulogio ya ce, "Likita, 'yata za ta yi aure."

Ta cire na ciki guda biyu da suka riga suka mutu. Ta kankare sauran, ta ɗaure na gaban da siririyar waya ta baya. Ta hana shi rake, ta hana shi busa har sati takwas. Mutumin nan ya bi doka kamar ɗan makaranta, Herminia na ta mamaki.

Ranar biki waƙa ɗaya tak aka yarje masa. Ya busa ta daga coci har ƙofar gida, Nidia na tafe tana share hawaye da lulluɓinta.

Da likitar ta sake zuwa ƙauyen, Anselmo ya tarar da shi a farkon layi.

"A'a, mai ƙaho, me ke maka ciwo?"

"Babu. Shi ya sa na zo. Koma baya, na riga ka."

Ni dai da na ji, washegari da safe na ɗaura kallabina na tafi asibiti aka rubuta sunana, ni da haƙorana goma sha tara da suka rage.

Darasi: 'Ya'yana, kada ku jira haƙori ya yi ciwo. Ku je a duba ku duk bayan wata shida kuna lafiyarku, in kun ga jini a dasashi kuma kada ku kwana biyu. Ku tura wa mai taurin kan da ke gidanku labarin nan, kun san shi.