Tasalla da Ɗaurin Zalɓe

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

An yi wata mata, Tasalla, matar masunci. Mijin ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Ladiyo, da zaren fatsa da ƙugiya huɗu. Hatsi ya ƙare. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaura ƙugiya ba.

Da sassafe ta tafi kogi. Tururi na tashi a kan ruwa, furannin bado suna buɗewa a hankali, manyan karfasa suna gilmawa a ƙasa kamar inuwar gajimare. Ta zauna tana juya zare, ta rasa ta ina za ta fara.

Sai ga Zalɓe, yana takawa sannu-sannu. A zamanin nan wuyansa gajere ne kamar na kaza.

Ya ce, "Baiwar Allah, kawo in koya miki. Zagaye ɗaya, ki sassauta. Ruwa ba ya son matsi."

Ta ce, "Na gode, Malam Zalɓe."

Ta ɗaura yadda ya ce, ta maƙala dalma da guntun kara, ta soka tanar ƙasa a bakin ƙugiya, ta jefa. Kara ya yi rawa, ya nutse. Ta ja. Zare ya dawo fayau, ba kifi ba ƙugiya. Ashe kifin da ya tafi da ƙugiya a baki yakan galabaita ya gangara cikin ciyawa, Zalɓe na can laɓe. Ya cinye kifi, ya ɓoye ƙugiya.

Washegari ya ce, "Zagaye ɗaya, ki sassauta." Ƙugiya ta tafi. Rana ta uku ya ce, "Zagaye ɗaya, ki sassauta." Ƙugiya ta tafi. Saura ɗaya tak.

Da la'asar Tasalla ta zauna gindin tsamiya tana yi wa Ladiyo kitso. Yunwa na cin su. Iska na kaɗa ganye, yarinya na gyangyaɗi a cinyarta. Cikin magagi ta ce, "Inna, kitsonki ba ya warwarewa, ko na yi iyo a kogi."

Hannun Tasalla ya tsaya. Ta dubi yatsunta, ta daɗe tana dubansu.

Da gari ya waye ta zura zare a idon ƙugiya, ta naɗa shi sau bakwai, ta soka bakinsa a ƙasa kamar ƙarshen kitso, ta jiƙa da yawu, ta ja tamau.

Zalɓe ya ce, "Zagaye ɗaya?"

Ta ce, "Yau dai na gwada nawa, Malam."

Bai tsaya dubawa ba, ya wuce cikin ciyawa ya laɓe. Tasalla ta jefa. Kara ya nutse. Wata ƙatuwar karfasa ta ja zare ta nufi ciyawar, Zalɓe ya yi caraf ya haɗiye ta. Tasalla ta ji nauyi, ta ja. Ya turje. Ta ja, ya turje. Wuyansa ya yi ta miƙewa, ya yi ta miƙewa, har kansa ya ɓullo daga ciyawa, ƙafafunsa na can baya.

Ya ce, "Wayyo wuyana! Ki sassauta!"

Ta ce, "Ina ƙugiyoyin mijina?"

Ya amayo kifin da rai, ya nuna mata gindin ciyawar da ya binne su. Ta kwashe abinta, ta ƙyale shi.

Ran nan Ladiyo ta ci kifi har ta yi barci da ƙaya a hannu. Shi kuwa Zalɓe wuyansa bai koma ba. Shi ya sa har yau kuke ganinsa a bakin ruwa shi kaɗai, ya lanƙwashe wuya don kunya.

To, in wani ya koya muku abu sau uku kuna asara, ku duba wa ke ƙoshi.

Ƙurunƙus kan karfasa.