Gawo da Ludayin Tabawa

Dalilin da ya sa gawo yake tsayawa tsirara da damina, alhali kowace itaciya ta yi kore shar, ga shi nan, yara. Ku gyara zama.

Da can ba haka yake ba. Tare da itacen kuka yake yin ganye, tare suke zubarwa. A lokacin akwai wani ƙaramin gawo a bayan dangar wata tsohuwa mai suna Tabawa. Mijinta ne ya kewaye shi da ƙaya tun yana tsiro, don kada awaki su cinye shi, bai kuwa rayu ya zauna a inuwarsa ba.

Sai aka yi fari, shekara uku ba damina. Rijiyoyi bakwai ne a garin, shida suka ƙafe. Mai gari ya ɗora wani mutum, Shekarau, a kan ta bakwai ɗin, aka kafa doka: tulu ɗaya ga kowane gida a yini, kuma kada a ba abin da ba shi da baki ruwa.

Gawo ya fara bushewa daga sama. Ta cikin danga yana kallon yadda Tabawa take tafiyar da tulunta. Ba ta zubar da ruwa sai ya yi aiki uku. Wanda ta wanke gero da shi, akuyarta ce ke sha. Wanda ta ɗauraye kwano da shi, ta tara a kasko ta wanke ƙafa. Abin da ya rage a kaskon, baƙi ƙirin, bai wuce ludayi ɗaya ba, shi take kawowa gindin Gawo kowace yamma, ta rufe wurin da sakaina don kada rana ta lashe.

Wata yamma Shekarau ya biyo ta wurin, ya ɗaga sakainar, ya ga lema.

Ya ce, "Iya, ba ki ji doka ba? Itace yana da baki ne?"

Ta ce, "Kai ma da na yanke maka cibiya, bakin naka ba haƙori, amma ban hana ka ruwa ba."

"Iya, mutane ƙishi suke ji."

"To ga kaskon, ruwan ƙafata ne. Kai wa wanda zai sha."

Shekarau ya dubi kaskon, ya kau da kai. Ya ce, "In kina da na zubarwa, tulu ya yi miki yawa. Daga gobe rabi."

Ta ce, "Tulun naku ne a bakin rijiya. In ya ƙetare ƙofata, nawa ne."

Da ya tafi, Gawo ya yi magana, don a zamanin nan itace yakan yi magana da mai ba shi ruwa. Ya ce, "Iya, ki bar ni. Rabin tulu ba zai ishe mu ba."

Ta ce, "Yi shiru ka sha. Ba da kai nake faɗa ba."

Daga ranar ta rage nata sha, amma ludayin Gawo bai ragu ba. Shi kuwa kunya ta kama shi, ya yi ta tura saiwarsa ƙasa, ƙasa, har ya tarar da sanyin ruwa inda gugar kowa ba ta kai ba. A tsakiyar rani ya fitar da ganye, ya yi 'ya'ya. Awakin garin duka, har da na Shekarau, a gindinsa suka tsira.

Ya ce, "Iya, na sami ruwa. Ki sha naki."

Amma jikinta ya riga ya ƙare. Ranar Alhamis aka binne ta. Ranar Asabar hadari ya haɗo daga gabas.

Damina ta shigo da ruri da walƙiya, tana taƙama. Itatuwa suka rusuna, kowace ta sa sabuwar riga. Gawo bai motsa ba.

Damina ta ce, "Kai fa, ba ka gaisuwa? Ga ruwa na kawo, sha."

Gawo ya ce, "Ina kika shiga shekara uku?"

"Ina zuwa lokacin da na ga dama."

"Kwana biyu kawai kika makara. Mai ludayi ba ta taɓa makara ba."

Sai ya girgiza, ya zubar da ganyensa gaba ɗaya a gabanta. Ya ce, "Ba zan yi miki ado ba. Sai kin tafi zan sa rigata, a lokacin da mai ludayi ta saba zuwa."

Damina ta yi ta dukansa wata huɗu, ko toho ɗaya bai fitar ba. Tana juya baya ya yi kore.

Shi ya sa har wa yau, in ruwa ya sauka za ku ga gawo a tsaye ba ganye, in rani ya yi tsanani kuma shi ke da inuwa. Yamma yake jira, da ludayi ɗaya.