Rumbun da Waziri Barmo Ya Fasa

A zamanin da, lokacin da bindiga ta fara shigowa tana firgita dawaki, an yi wani sarki mai son yaƙi kamar yadda akuya ke son dusa. Damuwarsa ɗaya ce: duk sanda rundunarsa ta yi nisa da birni, yunwa ke kayar da ita kafin abokan gaba su ɗora hannu.

Sai Waziri Barmo ya ba da shawara a gina zanguna a kan hanyar yaƙi, kowanne da rumbunan gero da dawa, da ɗakin albarushi, da kanwar dawaki. Aka cika rumbuna, aka liƙe su da laka. Waziri ya ƙara da doka: ba a fasa rumbu sai an ji tambarin sarki a ƙofar zango, wanda kuwa ya fasa kafin nan, a zura shi ciki a liƙe.

Zangon ƙarshe, na bakin daji, wani Nomau ke tsaronsa tare da ƙanensa Cindo. Wata shekara masu rauni suka dawo daga fagen fama suna jan ciki, wasu da kibiya a jiki. Nomau ya kasa kallo, ya fasa rumbu, aka dama musu kunu.

Waziri ya zo da kansa. Nomau ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, yunwa ce za ta kashe su."

Waziri ya ce, "Doka ba ta da ciki, ba ta san yunwa ba."

Aka kwashe sauran geron, aka zura Nomau, aka miƙa wa Cindo laka ya liƙe da hannunsa. Yana ji muryar wansa na kiran ruwa, har ta dushe, har ta ɗauke. Sannan aka ba shi tsaron zangon, wai lada ke nan.

Cindo ya karɓi tsaron. Amma duk shekara sai ya yi wa rumbun nan sabon yaɓe da sabuwar jinka, har ya fi duk na zangon kyau. Baƙo in ya gani, sai ya rantse a nan aka ajiye geron bakin sarki.

Ana nan, yaƙi ya sake tashi, kuma bai yi daɗi ba. Waziri, wanda Allah ya hore wa dokin da ya fi sauri in an fuskanci gida, ya baro sarki a baya. Ya iso zangon da 'yan barade, leɓe a bushe, ciki kamar an matse tsumma.

Ya ce, "Kai mai tsaro, fasa mana rumbu."

Cindo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ban ji tambari ba."

"Ni ne tambarin."

"To a buga, ranka ya daɗe, in ji."

Wani barde ya ƙunshe dariya. Waziri ya umarce su su fasa, kowa ya shiga gyaran linzami, don duk sun san dokar. Sai ya fizgi gatari da kansa ya ce wa Cindo, "Wanne ya fi cika?"

Ya manta fuskar Cindo, ya manta rumbun. Cindo ya nuna mai sabuwar jinka ya ce, "Wancan, tun da na liƙe shi ba a ɗebi komai a ciki ba."

Waziri ya sari gefen rumbu har ya huje. Maimakon gero, ƙasusuwa suka zubo a ƙafarsa, da tsumman riga, da ƙoƙon kai. Ya ja da baya yana salati. Amma yunwa ta fi tsoro ƙarfi: ya fasa na kusa, ya tauni ɗanyen gero kamar jaki.

Washegari tambari ya yi ƙara. Sarki ya iso da ragowar runduna, ya tarar da rumbu biyu a fashe da ƙasusuwa a ƙasa. Ya ce, "Wa ya riga tambarina?"

Barade suka dubi Waziri. Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yunwa ce za ta kashe ni."

Sarki ya juya ga Cindo. "Mai zango, me ka ce?"

"Zaki, ƙasusuwan nan na wana ne. Shi ma haka ya faɗa, kuma ba don cikinsa ba. Aka ce masa doka ba ta da ciki. Alfarma ɗaya nake roƙo: a sa Waziri a rumbu mai geron, kada a ce yunwa ta kashe babban mutum a zangona."

Sarki ya yarda. Aka zura Barmo a kan gero, Cindo ya kwaɓa laka ya liƙe, ya shafe sumul. Sai da lakar ta bushe sarki ya soke dokar: daga ranar, duk mai rauni ya iso zango a ciyar da shi. Aka yi wa Nomau sutura, runduna ta ci ta ƙoshi, ta wuce birni.

Cindo ya kawo tulu ya zauna a inuwar rumbun. Da muryar Waziri ta fara kiran ruwa daga ciki, sai ya kurɓa a hankali, ya goge baki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ji tambari ba."