Kunkurun da Ya Ce Sai Baɗi

An yi wani Kunkuru mai riƙo da ke zaune a gindin katangar wata majami'a. Amininsa shi ne Gyare, sarkin tsokana. Maƙwabcinsu kuwa Ƙadangare ne, wanda ba ya tauna magana.

Wata rana Kunkuru ya zame daga kan tudu, ya faɗi rigingine, ƙafafu a sama. Gyare ya mai da abin waƙa, har kwaɗi suna amshi. Sai da Ƙadangare ya zo ya juya shi.

Da yamma Gyare ya zo jiki a sanyaye. "Yaya Kunkuru, bakina ne ya ja mini. Don Allah ka yafe mini."

Kunkuru ya janye kai cikin ƙoƙonsa. Gyare ya yi ta zarya har damina ta ja baya, muryarsa ma ta fara dishewa.

Ƙadangare ya fusata. "Kai wane irin taurin zuciya gare ka? Kowace Lahadi kana jin wa'azi ta taga. Yesu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, kai kuma a kan waƙa kake kumburi?"

"Wa ya ce ba zan yafe ba?" in ji Kunkuru. "Sai baɗi. Bari ya ɗanɗana tukuna. Shekara guda har wani abu ce?"

Wurin mai tsawon rai irinsa, ba komai ba ce. Ya tona rami ya shige barcin rani abinsa.

Da ruwan farko ya sauka, ya fito cike da kewar amininsa. "Gyare! Fito, komai ya wuce!"

Wasu ƙananan gyare suka leƙo, ba wanda ya san Kunkuru a cikinsu.

Ƙadangare ya sunkuyar da kai. "Ba ka san gyare ba ya ganin damina biyu ba? Har ƙarfinsa ya ƙare yana bakin raminka, yana tambayata ko ka huce."

Kunkuru ya yi kuka mai cin rai. "Wayyo ni! Ai tun kafin in kwanta na huce, girman kai ne ya hana ni faɗa."

Darasin wannan labari shi ne, yara, kada ku ɗage yafiya. Ubangiji ya gafarta mana ba tare da ja mana rai ba, mu ma haka ya ce mu yi wa juna. Wanda ya roƙe ku yau, ku yafe masa yau, don ba ku san ko zai kai baɗi ba.