Wa Za a Bar wa Mati?

Ku gyara zama, ku ajiye hira. Maganar da na kawo muku yau, ku ne za ku yanke mata hukunci.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wata tsohuwa, Inna Lantana, da ɗanta Mati. Mati ya haura arba'in, har furfura ta fara keto masa a gemu, amma hankalinsa ya tsaya a na yaro ɗan shekara shida. Ita ke ɗaure masa tazuge, ita ke cire masa ƙayar kifi. Da ambaliya ta cinye rabin ƙauyen, mutane suka tashi suka kafa sabon gari a kan tudu, amma Lantana ta ƙi bin su. Ba taurin kai ba ne. Mati ba ya iya zama a ɗakin da bai sani ba, sai ya yi ta buga kansa da bango. Haka suka rage su biyu a kufai, tsakanin gidajen da aka ciccire wa ƙofofi.

Rannan da rana tsaka ta sauke tuwo, sai Mati ya jera kwano uku.

"Na ukun na wane ne?" in ji ta.

"Na baƙuwa, Inna. Ga ta nan bakin ƙofa, ƙafarta a jiƙe."

Lantana ta duba, ba kowa. Amma a daɓen ɗakin akwai danshi, faɗin tafin ƙafa, alhali wata biyar rabon da a ga ruwan sama. Ta kuma san ɗanta bai iya ƙarya ba. Kashegari danshin ya matso taki ɗaya. Kullum sai ya matso, yana nufar inda take shimfiɗa tabarmar salla.

A rana ta bakwai, tana sallame azahar, ƙasa ta buɗe ta tafi da ita har da tabarmar. Ashe tsohuwar rijiya ce kakanni suka rufe, aka yi gini a kai, aka manta. Ta nutse cikin laka har ƙugu, ƙafarta ɗaya ta karye. Ta ɗaga kai, ta hango fuskar Mati can sama yana leƙowa. Kafin ta buɗe baki, sai ta ji an yi magana daga ƙarƙashinta, cikin duhu, da muryarta sak: "Mati, sauko."

Ta tattara sauran ƙarfinta ta ƙwalla: "Kada ka sauko! Je ka kira Kyauta!"

Kyauta 'yar ƙanwar Lantana ce, mai sayar da fura a sabon gari. Duk Juma'a takan kai musu gari da kuka, ta zauna ta saurari Mati, har ta laƙanci maganarsa. Mati ya shigo kasuwa ba takalmi yana cewa, "Inna ta shiga ɗakin ƙasa, Inna biyu ne." Mutane suka yi ta dariya, wasu suka ce a kore shi. Kyauta kaɗai ta gane. Ta bar ƙwaryar furarta a buɗe, ta bi rumfa-rumfa tana kururuwa har maza suka tashi. Ba don ita ba, da ba wanda ya taka kufai ran nan.

Jatau mai haƙar rijiya ba dangin Lantana ba ne, tsohon maƙwabci ne kawai. Mutane sun taru a bakin ramin, amma duk wanda ya leƙa sai ya ja da baya, don sanyin da ke fitowa ciki ba irin na ruwa ba ne. Jatau ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ya kai rabi sai ya ji muryoyi biyu suna kiransa, ɗaya dama, ɗaya hagu, duka na Lantana. Ya tsaya ya ce, "Inna, yi salati." Ɗaya ta yi, ɗayar ta yi shiru. Ya bi wadda ta yi, ya goyo ta, aka jawo su. Ba don shi ba, da laka ta gama haɗiye ta kafin la'asar.

Shekarau magini ɗan wan mijin Lantana ne. An kai tsohuwa gidansa, an ɗora mata ƙafa, amma Mati ya ƙi zama. Da rana ta take sai ya sulale, a same shi a kufai zaune a bakin ramin, ƙafafunsa na reto ciki, yana cewa, "Na'am, Inna." An cike ramin, ya koma tonawa da hannu. Lantana na kwance tana kuka, ba halin tashi. Shekarau ya je ya auna tsohon ɗakin da igiya. Ya ciro ƙyauren, ya kwaso azara, har ƙusar da Mati ke rataye hularsa. Cikin kwana goma sha biyu ya tayar da ɗaki a gidansa, ƙofa gabas kamar wancan, ba abin da ya bambanta. Mati ya shiga, ya rataye hularsa, ya zauna. Tun daga ranar bai sake nufar kufai ba. Ba don Shekarau ba, da wata rana an neme shi an rasa.

Ƙashin Lantana ya haɗe, amma ƙafafunta ba su sake ɗumi ba. Sanyin yana hawa a hankali, yau ga shi a gwiwa, bayan sati ga shi a cinya. Ta san me ke nan. Ta sa aka kira mata su ukun, ta ce, "Ban da abin da zan bari a duniya sai Mati. Ba na so a yi ta yawo da shi gida-gida. Hannu ɗaya nake so in danƙa shi, in rufe ido."

Kyauta ta ce a ba ta. Jatau ya ce a ba shi. Shekarau ya ce ai yana gidansa. Tsohuwa ta dubi mai jin maganar ɗanta, ta dubi wanda bai ji tsoron shiga rami dominsu ba, ta dubi wanda ya san inda ransa ke kwanciya, ta rasa wanda za ta zaɓa.

To, ku da kuka ji, wane ne a cikinsu ya cancanci ta danƙa masa Mati?